Na'urar da Ta Daina Amsa Sallama

Taubashina, ɗan kawuna, mutumin Gwaram ne. Ni kuwa a Birnin Kudu aka haife ni, a nan kuma nake zaune tun da na ajiye aiki. Tare muka yi karatu a zamanin da malami yake duba farcen ɗalibi kafin ya duba littafinsa, tare kuma aka tura mu koyon aikin kwamfuta lokacin da na'ura guda take cika ɗaki, ana ciyar da ita da kati mai huji. Mun yi aiki a ofis ɗaya a Kano, da aka ƙirƙiro Jigawa aka ce kowa ya koma jiharsa, muka tattara komatsanmu muka dawo tare. A duk tsawon wannan zama, abu biyu ne ba mu taɓa daidaitawa a kansu ba. Na farko, wane ne ubangidan wani a tsakaninmu, kamar yadda taubasai suka gada. Na biyu, yadda ya kamata a rubuta wa na'ura umarni.

Ga wanda bai san aikin ba, kwamfuta ba ta jin maganar mutum kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani, wadda take karanta umarnin da aka rubuta ta isar da shi, mu a ofis tafinta muke ce mata. Tafintocin kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira bash, mai sauƙin kai, wanda ya san tsohuwar ƙa'ida ya kuma karɓi salo iri-iri da aka ƙaro daga baya. Akwai waɗanda ba su san komai ba sai tsohuwar ƙa'idar. Ni an koya mini, na kuma riƙe, cewa mai hankali yakan rubuta umarninsa da tsohuwar ƙa'ida ko da zai yi tsawo, domin bai san hannun wane tafinta rubutunsa zai faɗa gobe ba. Shi kuwa taubashina mai son ado ne. Duk salon da bash ya zo da shi sai ya ɗauka. In na yi magana ya ce, "Bature, kai da za a bar ka, da har yau da alƙalamin kara kake cike takardar albashi."

Da ya ajiye aiki bai zauna ba. Wata makarantar 'yan mata da jama'ar gari suka gina a Gwaram ta sami kyautar tsofaffin kwamfutoci, shi ya harhaɗa su, ya buɗe musu ɗaki, ya kuma koyar da yaran kyauta. A nan ya ƙago al'adar da ta sa nake wannan rubutu. A tsarinsa, in aka kunna na'ura baƙin allo ne yake fitowa. Yarinya ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta, amma duk da haka na'urar ba za ta buɗe mata ba, sai ta tsaya tana jira. Sai yarinyar ta rubuta "Salamu alaikum" sannan na'urar ta amsa mata, ta gaishe ta da gaisuwar da ta dace da lokacin, ta safe ko ta rana ko ta yamma, ta ce mata ta shigo. Daga nan ne hotuna suke fitowa a fara darasi. Hujjarsa ita ce, ba a shiga gidan mutane ba sallama, kuma yarinyar da ta saba faɗa wa na'ura kai tsaye, wata rana za ta faɗa ɗakin surukarta haka.

Iyaye sun so abin ƙwarai. An ce har daga ƙauyukan Basirka akwai dattawan da suka amince da tura 'ya'yansu bayan sun ji cewa injin Nasara yana amsa sallama a makarantar. Ni kuwa wasa na ɗauke shi. Ya sha ce mini ya buɗe mini gurbin shiga na'urar da sunana, in zo in zauna in gwada. Nakan ce na wuce shekarun gaisawa da ƙarfe. Ban taɓa zama ba.

Ana nan ciwon sukari ya fara cin idanunsa, sannu a hankali har ya rufe su gaba ɗaya. Ya daina zuwa makarantar, amma na'urorinsa suka ci gaba da amsa sallama, kuma da wannan yake taƙama a zaurensa. Duk wanda ya je duba shi sai ya ji labarin.

Wata safiya shugabar makarantar, wata Hajiya mai kamun kai wadda ta ɗauke shi kamar uba, ta kira ni a waya. Ta ce jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta, don haka sun ɗauko ma'aikata daga Kano sun sabunta na'urorin, sun zuba musu manhajar gwaji. Ma'aikatan sun buɗe sabon gurbi nasu, sun shiga lafiya, sun nuna mata komai yana aiki, sun tafi. Da yara suka zo, ko ɗaya ba ta iya shiga ba. Ga jarrabawa ta ƙarato, ga waɗanda suka yi aikin sun daina ɗaukar waya.

"Baba Alhaji," in ji ta, "Malam ne ya ce in neme ka. Ya ce duk Jigawa ba wanda zai iya karanta rubutunsa sai kai."

Na sa babbar rigata, na hau motar Basirka da take ajiye fasinja a Gwaram. Kafin in je makarantar na biya ta gidansa. Na same shi a zaure a kan buzu, ya jingina da bango, carbi a hannu.

"Wa nake jin takunsa kamar na Di'o?" in ji shi. "Bawana ne ya iso?"

"Ubangidanka ne ya zo gyara ɓarnar da ka yi."

"Zauna, zauna. Ka ci abinci, ko har yanzu sai da cokali mai yatsu?"

Muka gaisa, muka tambayi iyali. Da na miƙe zan tafi sai ya laluba ya kama gefen rigata, abin da bai taɓa yi ba. Muryarsa ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

"Ka gyara duk abin da za ka gyara," ya ce, "amma kada ka kashe mini sallamata. Ita kaɗai ta rage mini a can."

Na ce masa in sha Allahu. Da zuciya ɗaya na faɗa, domin a lokacin ban ga abin da zai haɗa gyaran da sallamarsa ba.

A ɗakin kwamfutar Hajiya ta sa an tayar da janareta, ta ba ni sunan wata ɗaliba da kalmar sirrinta. Baƙin allon nan na da babu shi. A madadinsa sabuwar ƙofa ce mai launi, da ɗan akwati a tsakiya inda ake rubuta suna. Na rubuta, na danna. Allon ya yi duhu na ɗan lokaci kamar zai buɗe, sai ga akwatin ya dawo fanko, ba bayani ba gargaɗi. Na sake, haka. Na koma wata na'urar, haka.

Aikinmu yana da tsari, kuma ban taɓa tsallake shi ba. Na fara da rubuta kalmar sirri ta ƙarya da gangan, sai na'urar ta ce ba daidai ba ne. Ke nan ta san kalmar gaskiya, tana karɓarta, abin da yake faruwa bayan karɓar ne yake rushewa. Na danna maɓallan da suke kai mutum baƙin allo ta ƙofar baya, domin ko a sabon tsari yana nan a ɓoye. A can na rubuta sunan yarinyar, na'urar ta karɓa, ta tsaya tana jira. Na daɗe ina kallon ɗan ɗigon da yake ƙiftawa kafin in tuna abin da take jira. Na waiwaya, Hajiya tana tsaye a bayana tana danne dariya. Na gyara zaman hulata na rubuta sallama. Ta amsa, ta ce ina kwana, ta ce in shigo.

Na duba ko ma'ajiyar na'urar ce ta cika, na ga da sauran wuri. Na duba ko ma'aikatan sun hana yaran ikon taɓa fayilolinsu, na ga ikonsu yana nan. Daga nan na buɗe wurin da na'ura take rubuta abin da ya tare ta yayin shiga. Layi ɗaya ne kacal a ciki, yana nuni zuwa fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da mutum zai shiga gurbinsa. A wannan fayil ne taubashina ya dasa sallamarsa, a gurbin kowace yarinya, kuma ma'aikatan Kano ba su taɓa guraben yara ba, shi ya sa nasu sabon gurbin ya buɗe lafiya.

Da na karanta sai komai ya fito fili. A baƙin allo, bash ne yake karanta fayil ɗin, kuma ya san salon mai rubutun. Sabuwar ƙofar kuwa wani tafinta take miƙa wa, mai suna dash, wanda bai san komai ba sai tsohuwar ƙa'ida. Taubashina ya jera gaisuwar safe da ta rana da ta yamma cikin baka biyu, a wani salo da bash kaɗai ya sani. Da dash ya iso wurin sai ya tsaya cak ya ajiye aikin, da ya ajiye kuwa sai shigar gaba ɗaya ta rushe, ƙofa ta mayar da yarinya waje. Na tabbatar da haka ta hanyar ba kowane tafinta fayil ɗin ya karanta ba tare da ya aikata ba. Ɗaya ya wuce shiru, ɗaya ya tsaya a daidai wannan layin.

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Gardamar da muka fara tun gashinmu yana baƙi, ga na'ura ta yanke hukunci, kuma ni ta ba gaskiya. Har na fara tsara kalmomin da zan faɗa masa. Ina cikin wannan nishaɗi na gangara ƙasan fayil ɗin, sai na ga wani sharaɗi da ya rubuta: in mai shiga sunana yake ɗauke da shi, kada a yi masa gaisuwar kowa, a ce masa, "Wa alaikumus salam, bawana. Sai yau? Cire takalminka." Tun ranar da ya buɗe ɗakin wannan layi yake zaune yana jirana. Na ci gaba da aiki.

Gyaran bai yi wuya ba. Na warware jerin nasa, na sake rubuta shi da tsohuwar ƙa'ida, kalmominsa kuwa ban canja ko ɗaya ba. Dash ya karanta bai yi tuntuɓe ba. Na koma ƙofa mai launi, na rubuta sunan yarinyar, na danna, ina jiran Hajiya ta ga aikin manya. Akwatin bai dawo ba. Amma ba abin da ya buɗe. Allon ya yi duhu ya zauna a haka, sai 'yar kibiya a tsakiya.

Na fahimci dalilin tun kafin in bincika. Na'urar tana jiran sallama ne, kamar yadda mai ita ya umarta. Sai dai a sabuwar ƙofa babu wurin da yarinya za ta rubuta sallamar. Na'ura tana bayan labule tana jira, yarinya tana gaba tana jira, ba mai jin wani. Kuskuren salo na iya gyarawa, amma wannan ba kuskure ba ne. Al'adar ce kanta ba ta da mazauni a sabon ginin.

Na yi ƙoƙarin in sa wani ɗan akwati ya fito bayan an shiga, wanda zai nemi sallama. Na san ana yi. Amma ni mutumin baƙin allo ne, ilimina a nan ya tsaya, abin da ake bukata kuma babu shi a kan na'urorin, makarantar ba ta da intanet. Na gwada abin da na sani har aka kira azahar, bai yiwu ba.

Hanya biyu suka rage. Ko in kashe sabuwar ƙofar in dawo da baƙin allo, abin da umarni guda zai yi, sallama ta ci gaba kamar da. Ko in ɗauke sallamar daga bakin ƙofa. Na bayyana wa Hajiya duka biyun.

Ta ce, "Baba, a ɗakin jarrabawa irin wannan ƙofar za su tarar. Wasunsu rikicewa suke yi in sun ga abin da ba su saba ba. Amma Malam ubana ne, ba zan iya cewa a cire ba. Kai ne babba. Abin da ka yanke shi ke nan."

Da ta matsa mini, da na sami wanda zan jingina wa. Ba ta matsa ba. Na auna, na ga maslahar yaran tana ga sabuwar ƙofa, kuma har gobe ina ganin haka ne daidai. Sai dai ban yi jinkirin da ya kamaci mai alkawari a wuyansa ba. Na yanke da sauri, kuma ban san ko maslahar ce kaɗai ta sa ni saurin ba, ko da hannun tsohuwar gardamarmu a ciki. Na kwashe sallamar ɗungurungum, har da layin da ya rubuta mini, na mayar da ita wani fayil da ba a karantawa sai mutum ya buɗe baƙar tagar rubuta umarni da kansa bayan ya shiga. Ban goge ko harafi ba. Amma na san ba yarinyar da za ta buɗe wannan taga. Na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar duk sun buɗe, yara suka shigo suna ɗoki, kowacce ta rubuta sunanta ta faɗa ciki kai tsaye.

Na koma zaurensa. Yana jin takuna ya ce, "To, Bature, wa ya yi ɓarnar?"

Kalmomin da na tsara da safe suna bakina, amma ban iya fitar da su yadda na tsara ba. Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda ƙaramin ma'aikaci yake ba na gaba da shi rahoto: jerin nasa, da dash, da duhun allo, da hanya biyun. Ya saurara yana gyaɗa kai, domin ya fi kowa sanin cewa bayanin daidai ne.

"Ke nan ka ci gardama," in ji shi. "Wanzami ba ya son jarfa, amma na karɓa. Sallamar fa?"

"Tana nan. Ban goge ta ba."

"Ban tambaye ka ko tana nan ba. Yara suna yi?"

"Ba sa yi."

Ya ja carbinsa kaɗan. "Ka ajiye ta a ɗakin da ba kowa, ka ce tana nan. Haka ake ajiye tsoho ma." Sai ya yi 'yar dariya don ya sauƙaƙa mini. "Ka ga saƙona?"

"Na gani."

"Ka cire takalmin?"

Na ce masa ban shiga da sunana ba. Ya ce ai ya sani, bawa mai girman kai ba ya gyaruwa. Ya sa aka kawo mini fura, ya matsa sai na sha, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Bai ƙara tayar da maganar ba, ko a ranar ko bayanta, wannan kuwa ya fi mini nauyi da a ce ya yi faɗa.

Ba a jima ba Hajiya ta sake kirana, na ɗauka wata na'urar ce ta lalace. Ta ce a'a, Malam ne. Ya sa ana ɗauko shi a babur kowace safiya, an ajiye masa kujera a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta. Duk yarinyar da za ta shiga sai ta tsaya ta yi sallama, shi ya amsa, ya gaishe ta, ya ce ta shigo. Ya haddace muryoyinsu, har yana gane wadda ta yi fashi jiya. Uwargidansa ta yi magana, likita ya yi magana saboda ƙafafunsa da suke kumbura, bai ji ba. Cewa ya yi tun da an sallami na'ura daga aikin, mai aikin ya dawo bakin aikinsa.

Mutane suna ba ni wannan labari a matsayin abin sha'awa. Ni kuwa abin da nake gani shi ne makaho mai ciwo a bayan babur, a kan hanya mai ramuka, cikin zafin bazara da ruwan damina, yana zuwa yin aikin da ya riga ya sallama wa na'ura don ya huta. Na yi niyyar in nemi wanda ya san yadda ake fito da ɗan akwatin nan, in koya, in je in mayar masa da sallamarsa bakin ƙofa. Neman kuwa yana nufin in zauna gaban sa'an jikana in ce ban sani ba. Na yi ta cewa sai wani makon. Yaran suka yi jarrabawarsu, da yawa suka samu, aka yi ta yi mini godiya. Shi kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa har ƙafafun suka hana shi hawa babur. Bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki na biya ta makarantar don in yi wa Hajiya ta'aziyya. Kujerar tana nan a bakin ƙofa, ba wanda ya ɗauke ta. Ta ce yaran har yanzu sukan tsaya su yi sallama, su ɗan jira, sannan su shiga. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa, ga su nan sun taho a jere. Ban shirya ba, ba kuma wanda ya roƙe ni. Na tattara rigata na zauna.

Ta farko ta tsaya, ta dube ni, ta yi sallama a hankali. Na amsa mata cikakkiyar amsa, kamar yadda aka koya mana, na ce ta shiga. Ba ta motsa ba.

"Baba," ta ce, "Malam sai ya tambayi mutanen gida tukuna."

Na tambaye ta mutanen gida. Ta ce suna lafiya, ta cire takalminta ta shiga. Ta bayanta ta matso.